Cinikin Tsuntsu a Sama: Yadda Mai Kiwon Sha'awa Zai Tsare Kuɗinsa Daga 'Yan Damfarar Waya

Ina da wani ɗan ƙane, saurayi mai natsuwa da kunya, wanda tun yana ɗaukar allo Allah Ya sanya masa son tantabaru, har ya kai ga abin da tsaransa suke kashewa a kan sutura da turare, shi a kan dawa da gero da katakon gyaran ɗakin tsuntsaye nasa yake ƙarewa. Wata rana bayan sallar Magariba ya shigo zaurena, ya rakuɓe a gefen tabarma, ya ƙi taɓa akushin da aka ajiye, sai da na tambaye shi sau biyu sa'an nan ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Baffa, duba mini nan, ko dai idona ne yake gizo.” Da na karɓa sai na tarar da doguwar hira tsakaninsa da wani mutum da ya ce a Zariya yake, cike da sallama da addu'o'i da hotunan wani aure na tantabaru farare masu bajajjiyar wutsiya kamar ta ɗawisu, a ƙarshen hirar kuwa ga saƙonnin yaron nan guda huɗu a jere, ko ɗaya bai shiga ba, hoton mutumin ma ya ɓace daga sama. Naira 45,000 ya tura, kashi uku, kuma kuɗin ɗinki ne da ya yi wata biyu yana tarawa. Kejin da ya share, ya zuba masa sabon yashi saboda baƙin da ke tafe, yana nan a buɗe.

Tun daga wannan dare na shiga tambayar masu kiwon tantabaru da kajin Birahma da zomaye da ragunan Balami, waɗanda yawancin cinikinsu yanzu ya koma ta WhatsApp da Facebook, sai na lura cewa da wuya ka zauna da su ba ka ji mai irin wannan labari ba, kuma hanyar da ake bi a cuce su kusan iri ɗaya ce, ta yadda duk wanda ya san ta da wuya a kama shi da ita.

Ya kamata mu fara da sanin abin da ya ɓace mana. A kasuwannin dabbobi irin na Wudil da Maigatari da Potiskum, baƙo ba ya sayen sa daga hannun baƙo kai tsaye. Akwai dillali a tsakani, wanda ya san mai kaya, aka kuma san rumfarsa da gidansa, kuma idan ta bayyana daga baya cewa dabbar ta sata ce, shi za a fara kamawa. Haka fataken goro da na shanu suka yi ta mu'amala daga Gwanja har Sabo ta Ibadan: baƙo ya sauka wurin mai gida, mai gida ya tsaya masa, a ba da kaya masu yawa bashi ba tare da fargaba ba, domin akwai mutum mai suna da mutunci wanda zai yi hasara idan amana ta karye. La'adar da ake biyan dillali, wadda wasu suke gani kamar kuɗin banza, a haƙiƙa kuɗin lamuni ne. To, wayar hannu ta kawo mana kasuwa har cikin ɗakin kwana, amma ta baro dillali da mai gida a waje, sai ya zamana mutum yana miƙa guminsa ga wanda bai san fuskarsa ba, bai san unguwarsu ba, babu kuma wani mahaluƙi da ya tsaya masa. Duk abin da zan faɗa nan gaba, idan aka tattara shi, ƙoƙari ne na mayar da waɗannan mutane biyu wurinsu.

Malamanmu na fiƙihu kuwa tun da daɗewa suka warware wannan mas'ala, har mutum ya yi mamakin yadda hukuncinsu ya dace da zamanin da ba su gani ba. Sayar da tsuntsu yana sama, ko kifi yana cikin kogi, yana daga cikin misalan da suka saba kawowa na cinikin garari, watau cinikin da ba a da tabbacin samun abin da aka saya. Bahaushe ma ya riga ya raɗa masa suna, cinikin biri a sama. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar nan ya ratsa, an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma an hana a sharɗanta biyan kuɗinsa nan take, sai fa idan wurinsa kusa ne, ko kuwa abu ne wanda ba a tsoron canjawarsa, kamar gida ko fili ko itace. Tantabara ba gida ba ce: tana ciwo, tana mutuwa, tana tashi. Saboda haka mai kaya na nesa da ya kafe a kan sai ka turo kuɗi duka kafin kai ko wakilinka ku ga tsuntsu, ko da mutumin kirki ne, ya nemi abin da malamai suka guje masa, kuma babu kunya ko kaɗan a gaya masa haka cikin ladabi.

Yanzu ga yadda ɗan damfara yake farauta. Ba kasafai yake tallata kaya a fili ba, domin a fili akwai idanun tsofaffin masu kiwo da za su gane hoton da ya sato. Abin da yake jira shi ne wani ya ce yana neman irin kaza, ko ya tambayi farashin abin da wani ya riga ya sayar, sai ya ɗauki lambarsa ya bi shi ta gefe, ya ce ai ya ga yana nema, shi kuwa yana da aure ɗaya da zai rabu da shi saboda wata lalura, mahaifiya a asibiti ko kuɗin makarantar yara. Farashin da zai faɗa ba zai yi arahar da za ta tsorata ka ba, domin ya san an ce araha ba ta ado. Zai sauko ne kaɗan, daidai yadda zuciyarka za ta raya maka cewa ka yi sa'a. Sa'an nan sai ya kawo gaggawa, ya ce wani Alhaji daga Kaduna ya taya, amma shi kai ya fi so ya ba, tun da ya ga kai mai son abin ne. A nan masu sha'awa suka fi kowa rauni, domin wanda yake sayen buhun shinkafa yana iya haƙuri zuwa gobe, amma wanda ya shekara yana mafarkin wani launi na tantabara, da zarar ya gan shi, hankalinsa ya riga ya tashi tare da ita.

Daga nan kuma sai yanka ya zo kaɗan kaɗan. Ɗan ƙanena kafin alƙalami ya fara turawa, naira 20,000. Washegari aka ce an kai tasha, ya cika sauran 15,000. Da azahar sai wata sabuwar lamba ta kira shi, murya daban, ana jin ƙarar motoci a bayanta, aka ce direba ne, ma'aikata sun tsare shi a hanya saboda babu takardar likitan dabbobi, in ba a turo 10,000 ba za a sauke kwalin a bar shi a rana. Wannan kira na uku shi ne mafi mugunta, domin ba kwaɗayin yaron aka taɓa ba, tausayinsa aka taɓa. Ni dai abin da na ɗauka doka shi ne, duk kuɗin da ba a ambata ba tun farkon ciniki, ya tsiro bayan an tura na farko, to a tsaya cak, kada a ƙara ko kwabo.

Akwai kuma alamar da ba na jin daɗin ambatonta, amma wajibi ne: yawan rantsuwa. Mutumin da ba ka tuhume shi ba ya shiga haɗa ka da Allah da Annabi, yana ambaton cewa yanzu ya fito daga masallaci, lalle yana cike gurbin hujja ne da kalmomin da ya san suna da nauyi a zuciyarka. Mai gaskiya yakan ce kawai, zo ka gani.

To, yaya za a tabbatar kayan suna nan? Hoto ba hujja ba ne, bidiyon da aka turo ma haka, domin duka ana kwaso su daga shafukan masu kiwo na Pakistan da Masar da Turkiyya, ko na wani bawan Allah a gari na kusa. Duba bayan hoton kafin ka duba tsuntsun: irin ginin, irin kwanon abinci, irin rubutun da ke jikin buhu. Idan ka sa hoton a manhajar Google Lens, sau da yawa takan nuna maka inda ya taɓa fitowa. Amma abin da ya fi duka shi ne kiran bidiyo kai tsaye, a lokacin da kai ka zaɓa, ka kuma nemi abin da ba zai yiwu a shirya shi tun da wuri ba: ka ce ya kama macen ya buɗe fiffikenta na hagu, ya juyo ƙafafunta ka gani, ya ɗaga yatsu uku kusa da kanta, sa'an nan ya juyo wayar ka ga fuskarsa, ya fita da kai ƙofar gida. Mai kiwon gaske yana murna da wannan, domin babu abin da yake so kamar nuna tsuntsayensa. Ɗan damfara kuwa a nan kyamararsa takan lalace, ko sabis ya ɗauke, ko ya zama yana wurin jana'iza. Uzuri ɗaya ana karɓa, na biyu kuwa amsa ce.

Sai dai ko wannan bai wadatar ba, saboda wata dabara da ta fi sauran zurfi, wadda ta kama mutane masu wayo ƙwarai. Ɗan damfara yakan sami mai kaya na gaskiya ya nuna masa shi mai saye ne, ya karɓi hotuna da kwatancen gida, sa'an nan ya juyo gare ka a matsayin mai kaya. Idan ka ce za ka turo wakili, sai ya ce bismilla, ya ba ka kwatancen gidan mai kayan, ya ce maka ƙaninsa ne zai nuna, kada wakilinka ya yi maganar kuɗi da shi; can kuma ya gaya wa mai kayan cewa yaronsa na zuwa dubawa. Wakilinka ya je ya ga tsuntsu da idonsa, ya bugo maka ya ce lafiya lau, kai kuma ka tura kuɗi asusun mutum na uku wanda ba shi da ko gashin tsuntsu a gidan. Maganin wannan tambaya ɗaya ce, wadda wakili zai yi wa wanda yake riƙe da tsuntsun baki da baki: “Malam, kai ne mai kayan nan? Nawa ka sallama? Wannan lambar asusun taka ce?” Duk wanda ya hana ka magana da mai riƙe da kaya a kan kuɗi, to a cikin wannan hanin cutar take.

Batun asusu kuwa, tsarin bankunan Nijeriya ya ba mai saye wata dama da mutane suke wucewa da gaggawa. Lambar asusu alƙaluma 10 ce, kuma da zarar ka shigar da ita, kafin ka sa lambar sirrinka, sunan mai asusun yakan bayyana. Tsaya ka karanta shi. Idan wanda kuke magana da shi ya ce sunansa kaza, asusu kuma ya nuna wani suna dabam, sai ya ce na matarsa ne, ko na maigidansa, ko na mai POS ɗin unguwarsu ne saboda nasa ya sami matsala, kada ka tura. Tun shekarar 2014 Babban Bankin Nijeriya ya shigo da lambar BVN mai alƙaluma 11 domin a ɗaure kowane asusu da mutum guda sananne, wannan ne ya sa ɓarayi suke gudun amfani da nasu, suna aron na wasu ko suna saye daga hannun jahilai da mabuƙata. Ina roƙon matasa, a nan gefe, kada wani ya ba da aron asusunsa a karɓi kuɗin da bai san asalinsu ba don a ba shi na goro, domin ranar da hukuma ta biyo sawu, ƙofar gidansa za ta fara ƙwanƙwasawa.

Haka nan kada sanannen suna ya ruɗe ka. Sukan ɗauki suna da hoton wani dattijo da aka yarda da shi a harkar, su buɗe sabon layi, ko ma su ƙwace WhatsApp ɗinsa ɗungurungum, ta hanyar kiransa su ce ana shirya taron masu kiwo, ya karanto musu lambobi 6 da za su shigo wayarsa. Wanda ya karanta waɗannan lambobi ya miƙa mabuɗin gidansa, kuma kafin ya farga an bi abokansa ɗaya bayan ɗaya da sunansa. Saboda haka idan saƙon ciniki ya zo daga wanda ka sani, kira shi ta layin waya na sosai ka ji muryarsa. Kai kuma ka shiga saitin WhatsApp ɗinka ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu, aikin minti ɗaya ne.

Idan duk wannan ya yi daidai, saura biya, kuma a nan ne dillali zai dawo. Mafi aminci shi ne wakili naka, wanda kai ka zaɓa, ɗan'uwa ko abokin karatu ko ɗan garinku da ke zaune can, ka tura masa kuɗin shi, ya je ya karɓi tsuntsu hannu da hannu, ya biya a wurin, ya kai tasha da kansa. Da wuya a sami babban gari a Arewa wanda Bahaushe zai rasa wanda ya sani a cikinsa idan ya yi tambaya ta kwana ɗaya. Idan babu, sai ku sami amini, dattijo a cikin masu kiwo da ku duka kuka yarda da shi, ya riƙe kuɗin har kaya su iso, a ba shi la'adarsa da daɗin rai. Amma kada ya zama aminin da mai kaya ya kawo maka lambarsa, domin sau da yawa abokin cin mushensa ne. Ku rubuta sharuɗɗa a saƙo kafin kuɗi su motsa: irin tsuntsun da adadinsa, namiji ko mace, farashi, wanda zai biya kuɗin mota, da wanda zai ɗauki hasara idan ya mutu a hanya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, don haka wanda ya ce rubutu alamar rashin yarda ce bai fi Mahaliccinsa sanin halin ɗan Adam ba. A mazhabar Malikiyya kuwa, asali lamunin dabbar da aka saya tana nesa yana wuyan mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai in an yi wani sharaɗi. Ranar aikowa ka karɓi sunan tasha da lambar mota da ta direba, a nuna maka kwalin da ramukan iskarsa ana sa shi a mota, kuma idan kana da wanda ka sani cikin 'yan kamashon tashar, tambaye shi ko motar ta tashi.

Masu sayarwa ma ana cutarsu da alat na bogi da rasit ɗin da aka ƙera. Kada su saki kaya sai sun buɗe asusunsu sun ga kuɗin a ciki.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, an riga an cuce ka, babban abokin gabarka shi ne kunya, domin ita ce take sa mutum ya kwana uku yana jiran ko layin zai buɗe, alhali a cikin sa'o'in farko ne kaɗai ake da begen tarar da kuɗin kafin a kwashe su. Kada ka goge komai. Ɗauki hoton hirar tun daga sallamar farko, da lambobin waya, da rasit mai ɗauke da lambar shaidar turawa, ka sanar da bankinka nan take ta layinsu, sa'an nan ka je da kanka ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, domin su ne za su tuntuɓi bankin da kuɗin suka faɗa. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, domin sau da yawa riƙe asusun wani ko mayar da kuɗi yana buƙatar takardar hukuma ko umarnin kotu. Idan mako biyu ya wuce banki bai yi komai ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna wanda ake ɗaukaka ƙara gare shi. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, tana karɓar irin wannan koke. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara, ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015. Ba zan ɓoye maka ba, ƙananan kuɗi ba kasafai suke dawowa ba, amma asusun da aka kai ƙararsa sau uku ko huɗu ya fi sauƙin rufewa a kan wanda kowa ya yi shiru a kansa. Ka kuma yi hattara da wanda zai ɓullo daga baya ya ce shi jami'i ne ko masanin kwamfuta, zai dawo maka da kuɗinka idan ka ba da na aiki. Sau da yawa ɓarawon farko ne ya sake riga.

Saura faɗakar da 'yan'uwa, kuma a nan ne na ga buƙatar taka-tsantsan fiye da ko'ina. Ɗan ƙanena, da zafin abin ya taso masa, ya so ya watsa hoton mutumin ko'ina da kalmar ɓarawo a ƙarƙashinsa. Na ce ya dakata mu bincika, tun da Suratul Hujurati ta umarce mu da tabbatar da labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci. Muka tura hoton ga wani tsohon mai kiwo, sai ga shi ya gane fuskar: wani dattijo ne mai kiwon kaji a wata jiha dabam, wanda aka sace hotonsa, kuma har an taɓa zuwa ƙofar gidansa ana zaginsa a gaban iyalinsa a kan kuɗin da bai taɓa gani ba. Saboda haka muka bar fuskar, muka rubuta abin da muka tabbatar kaɗai: lambobin waya biyu da aka kira da su, lambar asusun da sunan da ya fito a kanta, ranakun da aka tura kuɗi, hotunan tantabarun da aka yi tallar da su, da bayanin cewa hoton da ke kan layin na wani bawan Allah ne da ba shi da hannu. Muka aika wa shugabannin masu kiwo na garinmu da na Zariya, muka roƙe su su adana shi inda sabon shiga zai iya tambaya kafin ya tura kuɗi. Kafin sallar Isha'i ta washegari mutum biyu sun kira yaron, ɗaya an riga an karɓe masa kuɗin zomaye ta wannan asusun, ɗayan kuwa yana tsaye gaban mai POS da lambar a hannunsa.